Man Kifi A Kwalba, Ko Kifi A Tukunya?

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida ranar da ɗan borga ya sauka daga Amurka ko Jamus, ya san yadda ake buɗe akwati a zangonninmu. Turare na uwargida, takalma na ƙanne, agogo na kawu, waya kuma ta wanda ya fi kowa naci. Can ƙasa, a naɗe cikin tawul, sai a zaro wata ƙatuwar kwalbar roba cike da kafso masu launin zuma, a miƙa wa tsoho da hannu biyu, a ce: "Baba, ga man kifi, omega-3 ne, yana wanke jijiyoyi, yana maganin hawan jini." Baba ya karɓa, ya sa albarka, ya ajiye ta a kan kabad inda duk mai shigowa gaisuwa zai gani.

Ba mu ga laifin yaron ba. Da guminsa ya saya, da kyakkyawar niyya ya kawo, kuma abin da ya ji ana faɗi a can shi ya maimaita. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da kan biyo baya. Mun sha gani a Nima da Mamobi da Sabon Zango, 'yan'uwa na Aboabo a Kumasi ma sun ba mu irin labarin, cewa da zarar kwalbar nan ta shigo gida, sai ƙananan ƙwayoyin da aka ba tsoho a asibiti su koma ƙarƙashin katifa. Dalilinsa kuwa ba mai wuyar ganewa ba ne. Na asibiti suna sa shi yawan fitsari ko kumburin ƙafa, ana bin layi kafin a same su, kuma an ce masa har ƙarshen rayuwa zai riƙa sha. Wannan kuwa daga turai ya zo, kuma "ba magani ba ne, abinci ne". Ga kuma masu talla a tashar mota da cikin trotro, da masu shiga gida-gida da jaka, waɗanda a bakinsu babu cutar da man kifi bai kashe ba, tun daga ciwon sukari har zuwa mantuwa. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Ranar da zai nuna kansa, sai dai a ji an ce Alhaji ya faɗi a bayan gida, ɓarin jiki ya shanye.

Maganar ba ƙarama ba ce a ƙasar da binciken likitoci ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin kowane huɗu na manya yana da hawan jini, da yawansu kuma ba su ma sani ba. Wani babban bincike mai suna RODAM, wanda aka buga sakamakonsa a 2016, ya auna 'yan Gana na ƙauye da na birni da kuma mazauna Landan, Amstadam da Balin. A biranen Gana an sami ciwon sukari a jikin kusan mutum ɗaya cikin goma, a tsakanin mazan da ke zaune a Balin kuwa ya kai kashi 15 cikin 100. Ke nan mai aiko da kwalbar da wanda aka aiko wa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba abin da ke cikin kwalbar nan da idon basira.

Omega-3 ba sunan magani ba ne, sunan wani jinsin maiƙo ne. Iri biyu daga cikinsa, waɗanda ake taƙaita sunayensu da EPA da DHA, su ne ake samu a jikin kifi, shi ma kifin daga ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani yake tara su. Jikin ɗan Adam yana bukatarsu, babu gardama a nan. Ana samunsu a ginin ƙwaƙwalwa da tantanin cikin ido, suna rage wani kitse da ke yawo a jini mai suna tiragilisarayid, suna ɗan rage saurin daskarewar jini, suna kuma sassauta kumburi. Inda gardamar take shi ne: in mutum ya haɗiyi kafso ɗaya kullum, shin zai tsira daga ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari ko sankara?

Asalin labarin daga wani tsibiri mai ƙanƙara yake, wato Girinlan. A 1970 wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Denmak, Hans Olaf Bang da Jorn Dyerberg, suka tafi yankin Uummannaq suka ɗebi jinin mutum 130 daga cikin al'ummar Inuwit, mutanen da abincinsu kifi ne da naman manyan dabbobin teku masu tsananin kitse. An daɗe ana cewa ciwon zuciya bai dame su ba. Likitocin suka tarar kitsen jininsu bai kai na mutanen Denmak ba, kuma jinin cike yake da EPA. Sai suka kawo shawarar cewa wataƙila wannan maiƙon ne ke kare su. Daga wannan "wataƙila" aka gina kasuwa ta biliyoyin daloli.

Bayan shekara 40 da 'yan kai, a 2014, wani likitan zuciya a Ottawa ta Kanada, George Fodor, shi da abokan aikinsa suka koma suka tono takardun. Abin da suka gano ya ba mutane da yawa kunya. Bang da Dyerberg jini da abinci suka auna, ba su duba zuciyar kowa ba. Zancen cewa Inuwit ba sa ciwon zuciya daga rajistar mace-mace da ta asibiti aka ɗauko shi, a ƙasar da ƙauyuka ke nesa da likita, inda mutane da yawa kan mutu ba tare da wani masani ya tabbatar da abin da ya kashe su ba. Mu da muka san yadda ake cewa "gajeruwar rashin lafiya" a sanarwar rasuwa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ciwon jijiyoyin zuciya a cikinsu bai gaza na Turawa ba, shanyewar ɓarin jiki ma ta fi yawa, kuma tsawon rayuwarsu ya gaza na mutanen Denmak da kimanin shekara 10. A 2015 kuma aka gano cewa Inuwit suna da wasu ƙwayoyin halitta na gado da suka sa jikinsu ke sarrafa irin wannan kitse daban da na sauran mutane. To ina Girinlan, ina Nima?

Amma adalci ya sa mu faɗa cewa ba a kan wannan kaɗai aka tsaya ba. A 1989 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a yankin Wales na Birtaniya a kan maza 2,033 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya. Waɗanda aka shawarta su ci kifi mai maiƙo sau biyu a mako, mace-macensu cikin shekara biyu ya gaza na sauran da kashi 29 cikin 100. Mai karatu ya lura, kifi aka ce su ci. A 1999 Italiyawa suka gwada kafso na giram ɗaya a kan irin waɗannan majinyata su 11,324, suka ga mace-mace sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100. A 2007 aka sami wani sakamako mai daɗi daga Japan. A waɗannan shekaru, likitan da ya rubuta wa mai ciwon zuciya man kifi yana da hujjarsa, kuma yawancin abin da masu talla ke faɗi yau ragowar zancen wancan lokaci ne.

Daga 2010 sai labari ya sha bamban. Gwaji bayan gwaji, a Holan, a Jamus, a Italiyar kanta, ba a ga komai ba. Bambancin shi ne waɗannan sababbin gwaje-gwaje an fi tsaurara su: a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi man kifi, a ba rabi abin da ya yi kama da shi amma babu man kifi a ciki, kuma daga majinyaci har likita babu wanda ya san wanne aka ba wa. Na Italiya na 1999 ba a yi wannan ɓoyon ba. Bugu da ƙari, majinyatan zamanin nan suna shan magungunan rage kolestarol da na hawan jini da asfirin, ana kuma buɗe musu jijiya in ta toshe, don haka ɗan abin da man kifi zai ƙara ya zama kamar ɗigon ruwa a kan tudun yashi. A 2018 wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta haɗa guda 79 da suka ƙunshi mutum fiye da 112,000, ta ce amfanin kafson wajen hana mutuwa ko ciwon zuciya kaɗan ne ƙwarai ko ma babu. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da hukuncinta cewa giram ɗaya na omega-3 a rana ba ya hana sake samun matsalar zuciya ga wanda ya taɓa samu, aka janye izinin rubuta shi don wannan dalili. Wato a inda ake sayo kwalbar, can aka fara dawowa daga rakiyarta.

Masu ciwon sukari su saurara da kyau. Jami'ar Oxford ta bi mutum 15,480 masu ciwon sukari har tsawon shekara bakwai da 'yan watanni, a gwajin da ake kira ASCEND, wanda ya fito a 2018. Cikin masu shan man kifi, kashi 8.9 cikin 100 suka gamu da babbar matsalar zuciya ko ta jijiyoyin jini. Cikin waɗanda ba su sha ba, kashi 9.2. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma man kifi ba ya sauke sukarin jini, ba ya hana ciwon kama wanda bai da shi. Hawan jini fa? Yana ɗan taɓa shi, in aka sha kimanin giram 3 na EPA da DHA a rana, lambar sama kan sauka da maki 2, ga masu hawan jini kuma wajen 4 ko 5. Tsohon da awonsa ke 170 ba maki huɗu yake nema ba. Kuma a nan ne ya kamata mu juya kwalbar mu karanta bayanta. "1000mg" da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba nauyin man ne gaba ɗaya. A yawancin na kasuwa, EPA 180 ne, DHA 120, jimla 300. Kafin Baba ya kai giram 3 sai ya haɗiyi kafso goma kullum, kwalbar da aka yi zaton za ta kai shi shekara ta ƙare cikin wata guda.

Akwai wata magana da muka san za a kawo mana, domin 'yan'uwanmu na Bronx sun riga sun ji ta, kuma ba za mu ɓoye ta ba. A Amurka an yi wani gwaji mai suna VITAL a ƙarƙashin Farfesa JoAnn Manson ta Harvard, mutum 25,871, tsawon shekara biyar da ɗoriya, shi ma ya fito a 2018. A kan ainihin tambayoyin da aka shirya gwajin dominsu, wato manyan cututtukan zuciya a dunƙule da kuma sankara, ba a sami wani bambanci abin dogaro ba. Amma da aka tsattsage lissafin, sai aka ga toshewar jijiyar zuciya ita kaɗai ta ragu da kashi 28 cikin 100, a cikin baƙaƙen fata su 5,106 kuwa ta ragu da kashi 77. Wannan adadi ne mai ɗaga hankali, kuma mu ne na farko da za mu yi murna in ya tabbata. Sai dai waɗanda ciwon ya sama a cikin wannan rukuni 'yan gomomi ne kawai, kuma duk mai lissafi ya san in ka yanka babban taro gunduwa-gunduwa, ba ka rasa gunduwar da sa'a za ta faɗa wa. Masu binciken da bakinsu suka ce sai an sake gwadawa kafin a yi hukunci. Abin da ya fi jan hankalinmu a gwajin wani abu ne daban. Amfanin da aka gani ya taru ne a kan mutanen da ba sa cin kifi sosai, waɗanda ba sa kai ci ɗaya da rabi a mako. Masu cin kifi a kai a kai ba su ƙaru da komai ba. Ɗanmu mai tuƙa tasi a New York, wanda abincinsa na dare biredi ne da nama a takarda, mai yiwuwa ya fi Baba bukatar kwalbar da ya aiko.

Ba mu ce man kifi ba shi da wurinsa a asibiti ba. Wanda tiragilisarayid ɗinsa ya yi sama ƙwarai, giram 4 a rana na wanda likita ke rubutawa yana sauke shi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Akwai kuma wani tataccen EPA zalla da ake sayarwa da sunan Vascepa, wanda a gwajin 2018 a kan mutum 8,179 masu haɗarin ciwon zuciya ya rage matsalolin daga kashi 22 zuwa kashi 17.2 cikin 100. Har yau masana na ja-in-ja a kansa, domin man da aka ba ɗaya ɓangaren don kwatance ya ɗaga musu kolestarol, kuma da aka yi makamancin gwajin a 2020 da haɗin EPA da DHA a kan mutum 13,078, aka kwatanta da man masara, ba a ga komai ba har aka dakatar da shi. Ko ma dai yaya ne, wannan magani ne na takardar likita, ba shi ne na cikin akwatin borga ba. Masu ciwon gaɓoɓi irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa kan sami ɗan sauƙin ciwo da sandarewar safe in sun sha da yawa na tsawon watanni, amma wannan daban yake da ciwon gwiwar tsufa da ke damun iyayenmu mata. A Khartum ta Sudan, wani gwaji na 2013 a kan masu sikila 140 ya nuna raguwar tashin ciwon, abin da ya kamata likitocinmu su bi sawunsa a ƙasar da kusan jariri 2 cikin 100 ke zuwa da cutar, ko da yake gwajin ƙarami ne. A ƙarshen 2025 kuma wani gwaji daga Kanada da Ostireliya a kan mutum 1,228 da ake wa wankin ƙoda ya nuna raguwar manyan matsalolin zuciya da kashi 43 cikin 100 da giram 4 a rana. Duk waɗannan majinyata ne sanannu, da awo sananne, a hannun likita. Maganar mantuwar tsufa, bushewar ido, lalacewar gani da ciwon damuwa kuwa, an gwada, ba a ga abin kirki ba.

Sannan wanda ya ce "ko bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa", a gaya masa ba haka ba ne. Da aka haɗa manyan gwaje-gwaje bakwai a 2021, an ga masu shan omega-3 sun fi sauran kamuwa da wata rikicewar bugun zuciya da kashi 25 cikin 100, masu shan fiye da giram ɗaya a rana kuma da kusan kashi 50. Irin wannan rikicewa tana iya tara gudan jini a zuciya, ya tafi ƙwaƙwalwa, ya kawo shanyewar jikin da ake gudu. A yi gudun gara a faɗa zago ke nan. Mai shan maganin tsinka jini kada ya haɗa sai ya tambayi likitansa. Man hantar kifi, wanda da yawanmu muka sha da cokali muna yara ana toshe mana hanci, shi kuma wani abu ne daban: yana da bitamin A mai yawa, don haka ba a son mai juna biyu ta sha. Mai kuma, kowane iri ne, yana lalacewa a zafi. Kwalbar da ta yi wata uku a kan tebur a rana a bakin titi, in ka fasa kafso ɗaya ka ji warin ruɓaɓɓen kifi, shara ce wurinta. Har ila yau, ɓawon kafson da jelatin ake yi, wanda kan fito daga fatar shanu, ko ta kifi, ko ta alade, kuma ba kowane kamfani ke rubuta wanne ba ne. Masu sayen wa iyayensu su duba. Lambar rajistar hukumar abinci da magunguna a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da cuta, kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana tallata wani abu a matsayin maganin hawan jini, ciwon sukari ko sankara. Mai jakar da ke rantse-rantse a cikin mota dokar ƙasa yake takawa.

Abin dariya, abin kuma takaici, shi ne mu da ake kawo wa man kifi daga ƙetare a bakin teku muke zaune. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro suka sauka a Salaga da Kumasi kifin kogi suka sani, tarwaɗa da karfasa da busasshen banda, kuma har gobe muna son na tafkin Volta da ake lodowa daga Yeji. Kifi ne mai kyau, mai gina jiki, amma omega-3 ɗinsa kaɗan ne, musamman karfasa. Mai maiƙon shi ne wanda muka raina saboda araharsa: amane, da wanda 'yan kasuwa ke kira saman, da ƙananan nan da ake wa laƙabi da 'yan makarantar Keta, da sadin na gwangwani. Giram 100 na irin waɗannan yana ɗauke da giram ɗaya zuwa biyu na EPA da DHA, daidai da kafso uku zuwa shida, ga kuma abin gina jiki, da bitamin D, da sinadarin ƙarfafa ƙashi in an tauna ƙananan har da ƙayarsu. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka cewa ta yi a ci kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. Gana kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi cin kifi a Afirka, kusan kashi 60 cikin 100 na abin gina jiki da muke samu daga dabba daga kifi yake zuwa. Wani ɓangare na amfanin kifin ma, a ganinmu, shi ne abin da yake turewa daga kwano. Daren da aka ci amane a miyar kuka, ba a ci kitsen tsire da ganda ba.

Sai dai mu ma muna da namu laifin a madafa. Kifin da aka tsoma cikin man da aka soya abu da shi sau biyar ba shi ne likitoci ke nufi ba, kuma binciken da aka yi a kan masu cin soyayyen kifi bai nuna irin amfanin da aka gani ga masu cin dafaffe ko gasasshe ba. Babbar matsalar kuwa gishiri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Mu kuwa a tukunya ɗaya za a jefa kobi, a ƙara momoni don ƙamshi, a murmushe dunƙule uku, a barbaɗa gishiri, sannan a kawo shito a gefe. Mai hawan jinin da ya ci wannan ya kora da kafson man kifi, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Mma, a jiƙa kobi tun dare a zubar da ruwan, in an sa shi kuma a ɗaga wa dunƙule ƙafa. Kyafaffen kifi ma a zaɓi wanda bai yi baƙi ƙirin ba. Murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a nan Akra a 1969 ya taimaki mata masu kyafa ƙwarai wajen rage itace, amma hayaƙi mai yawa yana barin wasu sinadarai a fatar kifi da ake dangantawa da sankara, shi ya sa aka fito da sabon murhu mai suna Ahotor. Ɓare baƙar fatar kafin a sa a miya ba ya cin ko sisi.

Wanda duk ke zuwa kasuwar Nima ranar Laraba ya san amane ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance. Ba idonmu ba ne ke yaudararmu. Abin da masunta ke kamawa na wannan jinsi ya faɗo daga kimanin tan 136,000 a 1996 zuwa tan 29,000 a 2016. Manyan jiragen kamun kifi sun shekara suna kwashe ƙananan kifayen da ba a ba su izini ba, su daskarar, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, sana'ar da ake kira saiko, wadda aka ƙiyasta ta kai tan 100,000 a 2017 kaɗai. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi karo na biyu a kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. A 2025 an yi sabuwar doka da ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwale-kwale daga mil 6 zuwa mil 12, muna kuma jiran mu ga aikinta a farashin kasuwa. Can arewa da mu, a gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antu ne ke niƙa irin wannan kifi su mai da shi gari da mai. Wani rahoto na Greenpeace da Changing Markets a 2021 ya ce fiye da tan rabin miliyan ake kwasa a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 33. Mafi yawansa abincin kifayen gona da dabbobi ake yi da shi a Turai da Asiya, wani kaso kuma ya shiga kayan kwalliya da kafso. Mafi yawan man da ke cikin kwalaben duniya daga tekun Peru yake fitowa, ba za mu yi ƙarya mu ce namu ne duka ba. Amma kasuwa ɗaya ce, kuma ita ce ke ɗauke kifin talaka daga gaban mai kyafa ta kai shi inda ya fi tsada. Sarakunan zango da 'yan majalisar da muke zaɓa suna yawan magana a kan kwata da makaranta, yana da kyau, amma ba mu taɓa jin ɗayansu ya tashi a kan saiko ba, kamar maganar ta Fante da Ga ce su kaɗai, alhali tukunyarmu ce ke ramewa.

Ga 'ya'yanmu na ƙetare, in za a sake ɗaure akwati, kuɗin kwalba biyu ya isa sayen na'urar awon hawan jini irin ta ɗaurawa a damtse, da batir ɗinta. A haɗa da ɗan littafi, a sa jika ɗaya mai hankali ya riƙa auna Baba safe da yamma yana rubutawa, ranar asibiti a tafi da littafin. Ragowar canjin a sabunta masa katin inshorar lafiya, a bar wa Mma na cefanen amane. Kwalbar da ta riga ta zo kuma, a ɗauke ta daga kan kabad a kai wa likitan da ke duba shi ya karanta bayanta, in ya ce a sha a sha, amma ƙwayoyin ƙarƙashin katifa a fito da su yau.